Shin Tabkunanmu Ne Ke Haifo Mana Kwalara?

Wani malamin makaranta daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ya aiko mini da tambaya bayan ruwan watan Yuli ya cika kududdufan gari. Ya ce ya ji labarin cewa masu bincike suna samun ƙwayar kwalara a cikin tabkuna da koguna ko a lokacin da babu mai amai da zawo, kuma wai wasu daga cikin ƙwayoyin suna ɗauke da abin da ke sa su yin dafi, wasu kuwa ba su da shi. Yana son ya san ma'anar wannan magana, kuma ko tabkunan da ɗalibansa ke wanka a ciki su ne ke haifo mana annoba idan damina ta kankama.

Malam, Allah ya saka maka da alheri, domin tambayar ta taɓa wurin da ake yawan samun ruɗani, har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne. Ƙwayar da ke haddasa kwalara bakteriya ce mai suna Vibrio cholerae, siffarta a madubin bincike kamar waƙafi, da ɗan wutsiya guda da take iyo da shi, kuma asalinta halittar ruwa ce tun kafin ta san hanjin ɗan Adam. Tana rayuwa a bakin teku inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, tana kuma rayuwa a ruwan daɗi, maƙale da gansakuka, ko da ƙananan ƙwarin ruwa masu ɓawo waɗanda ido ke iya gani da kyar, ko da ƙwayayen wasu ƙananan ƙudaje da ke nasawa a bakin ruwa, har ma a cikin hanjin kifi da tsuntsayen ruwa. Tana son ɗumi, tana son ɗan gishiri, kuma ta fi sakewa a ruwan da ya karkata ga kanwa fiye da mai tsami. Duk wanda ya san tabkunan kwarin Korama da na wajen Gidimuni, inda kanwa ke fitowa fari a bakin ruwa da rani, zai ga cewa ba abin mamaki ba ne idan aka same ta a irin wannan ruwa.

Sai dai sunan Vibrio cholerae suna ne na babban gida. Masana sun rarraba wannan gida zuwa rukuni fiye da 200 bisa ga irin rigar da ke jikin kowace ƙwaya, kuma a cikinsu duka rukuni biyu kaɗai aka sani da tayar da annoba, wato O1 da O139. Shi O139 ya ɓulla ne a 1992 a Indiya da Bangaladash, annobarsa kuwa ta tsaya a nahiyar Asiya. Wanda muke fama da shi a Afirka O1 ne, nau'in da ake kira El Tor. Ko a cikin O1 ɗin ma ana samun waɗanda ba su da dafi. Saboda haka idan aka ce an ga ƙwayar kwalara a tabki, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wane rukuni ne, sannan tana da kayan yin dafi ko babu.

Bari in ɗan tsaya a kan dafin, domin shi ne cutar gaba ɗayanta. Wani likitan Indiya, Sambhu Nath De, ya nuna a Kalkata a 1959 cewa ruwan da aka reni ƙwayar a ciki, ko an tace an cire ƙwayoyin duka, yana sa hanjin zomo ya cika da ruwa ya kumbura. Daga nan aka gane cewa ƙwayar ba ta shiga jini, ba ta kuma cin bangon hanji. Zama take yi a saman bangon tana zubar da wani sinadari. Sinadarin yana da ɓangare shida: guda biyar iri ɗaya da ake kira B, waɗanda ke haɗuwa kamar zobe su kama bangon hanji, da guda ɗaya da ake kira A, wanda ke kutsawa ciki ya kunna wani makunni ya bar shi a kunne. Muddin makunnin na kunne, hanji zai riƙa tura gishiri waje maimakon ya tsotse shi, ruwa kuma ya bi gishirin. Na taɓa tsayawa kusa da gadon da ake kwantar da masu wannan ciwo, gado mai huji a tsakiya da bokiti a ƙarƙashi, na ga magidanci ƙaƙƙarfa wanda da safe ya je gona, zuwa la'asar idanunsa sun faɗa, fatar yatsunsa ta yamutse, muryarsa ta dushe, abin da ke zuba a bokitin kuwa fari ne kamar ruwan wankin shinkafa. Mai tsananin ciwon yana iya zubar da kusan lita guda a cikin sa'a. Amma tun da hanjin bai ji rauni ba, idan aka mayar da ruwa da gishirin da ke fita a kan lokaci, mutum yana tashi sarai, kuma inda ake kula da marasa lafiya yadda ya kamata ba a rasa ko mutum 1 cikin 100.

Umurnin yin wannan dafi yana rubuce ne a cikin kundin gadon ƙwayar, wato DNA, a wasu ƙwayoyin gado biyu da ake kira ctxA da ctxB. Abin da ya ba masana mamaki shi ne abin da Matthew Waldor da John Mekalanos suka bayyana a Amurka a 1996, cewa waɗannan ƙwayoyin gado biyu ba na bakteriyar ba ne tun asali. Kayan wani birus ne siriri kamar zare, wanda ke kama bakteriya kamar yadda wasu birus ke kama mutum, ya shiga cikinta ya dasa kundinsa a cikin nata, daga nan duk ƴaƴan da ta haifa su gaji iya yin dafi. Birus ɗin kuma ba ya shiga kowace ƙwaya. Ƙofarsa wasu gashi-gashi ne da ke fitowa a jikin wasu ƙwayoyin, waɗanda ake kira TCP, kuma da waɗannan gashin ne ƙwayar ke haɗuwa da ƴan uwanta su yi dandazo su kafu a cikin hanji ba tare da ruwa ya share su ba. Umurnin yin gashin, wanda ake nema da sunan tcpA, shi ma aro ne, yana cikin wani yanki na DNA da ya shigo daga waje. Ka ga ke nan kafin ƙwayar ruwa ta zama mai kisa sai ta yi aro biyu a jere, ta fara samun gashin, sannan birus ya sami ƙofar shiga ya kawo mata dafin, bayan wasu halaye da yawa da ke ba ta ikon jure tsamin ciki da saurin wucewa daga mutum zuwa mutum.

Ga yadda aikin ke gudana a ɗakin bincike. Muna ɗebo ruwa a kwalba mai tsabta, mu tace shi, mu jefa matacin cikin wani romo mai kanwa-kanwa wanda Vibrio ke so sauran ƙwayoyi kuwa ba sa so, mu bar shi kamar sa'a 6 zuwa 8. Daga nan mu shafa shi a kan wani faranti mai koren abinci da ake kira TCBS, mu ajiye a ɗumi ya kwana. Da safe, idan akwai ta, za ka ga ɗigo-ɗigo rawaya, masu sheƙi, a kan koren. Na ga ɗalibai da yawa suna ganin rawayan nan gabansu ya faɗi, suna zaton sun gano annoba. Alhali rawayan ba ya cewa komi face akwai ƙwayar da ke cin sukari, kuma akwai wasu ƴan uwan Vibrio da ke yin rawaya kamar haka. Sai an gwada da ruwan gwajin da ke gane O1, sannan a yi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar gado ɗaya tak ya ninka ta har ta bayyana, a nemi ctxA da tcpA. A ƙasarmu cibiyar CERMES da ke Yamai ita ce ake aika wa samfuri domin tabbatar da kwalara.

Abin da bincike a ƙasashe daban-daban ya yi ta nunawa shi ne cewa mafi yawan Vibrio cholerae da ake samu a ruwa, a lokacin da babu annoba, ba O1 ba ne, kuma ba su da ctxA. A nan ne nake son ka yi hattara da yadda ake ba da labarin irin wannan bincike. Sau da yawa za ka ji an ce an sami ƙwayoyin gadon cuta a kusan dukkan samfuran da aka ɗebo, sai hankalin jama'a ya tashi. Idan ka duba sai ka tarar ana maganar toxR ne, ko hlyA. Shi toxR mai ba da umurni ne kawai, yana cikin kusan kowace Vibrio cholerae, mai dafi da marar dafi. Shi kuwa hlyA yana yin wani sinadari mai fasa ƙwayoyin jini, kuma shi ma ya zama ruwan dare a cikin ƙwayoyin ruwa. Samun waɗannan biyu ba ya nuna kwalara. Abin da ke ɗaga hankalin mai wannan aiki shi ne ya ga ctxA da tcpA tare, a cikin ƙwaya guda mai rai, ta rukunin O1.

Na ce ƙwaya guda mai rai da gangan. Idan aka yi PCR kai tsaye a kan ruwan tabki ba tare da an reni ƙwayar ba, gwajin yana iya kama DNA na ƙwayar da ta riga ta mutu, yana kuma iya kama alamar O1 daga wata ƙwaya da alamar dafi daga wata dabam, mai karanta sakamako ya haɗa su ya ɗauka abu ɗaya ne. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan haɗari, wato a ce an gwada ba a samu ba, don haka ruwan lafiya lau ne. Rita Colwell da abokan aikinta sun nuna tun farkon shekarun 1980 cewa idan yanayi ya yi wa ƙwayar tsanani tana shiga wani irin barci, tana da rai amma ba ta tsiro a faranti. Ban da haka, lita guda da aka ɗebo ranar Talata daga gefe ɗaya na tabki ba ta isa ta ba da shaida a kan abin da ambaliya za ta zuba a cikinsa ranar Alhamis ba.

Kada kuma a ɗauka cewa waɗanda ba su da dafin kwalara ba sa cutarwa. Wasunsu suna da wasu makamai, kamar wata allura ƙarama da suke soka wa bangon hanji, ko wani dafi da zafi ba ya lalatawa, kuma suna sa zawo ga mutum ɗaya ko gida ɗaya, suna shiga gyambo ko kunne, ga mai ciwon hanta kuwa suna iya shiga jini su halaka shi. An kuma taɓa samun ƴan rukunin da ba O1 ba ɗauke da dafin kwalara na ainihi, kamar O37 da ya tayar da ciwo a Sudan a 1968, da O75 da O141 da ake samu jefi-jefi a Amurka. Bambancinsu shi ne ba su taɓa ƙetare ƙasashe suna kwashe dubban rayuka ba.

Yanzu sai zuciyar tambayarka: ko ƙwayar tabkinmu marar dafi tana iya samun dafin a nan, ta zame mana annoba? A ɗakin bincike an ga hakan yana yiwuwa, domin birus ɗin yana wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma a 2005 an nuna cewa idan Vibrio ta zauna a kan ɓawon ƙwarin ruwa tana buɗe jikinta ta ɗauki DNA da ke yawo a kusa. Shi kansa O139 ta musanyar gado ya samu, El Tor ne ya canza riga. Akwai kuma wurare, kamar gaɓar tekun da ke kudancin ƙasar Amurka da wasu kogunan Ostireliya, inda aka sami O1 mai dafi ɗan gida tun shekarun 1970, yana kama mutane ƙalilan lokaci zuwa lokaci. A mashigin tekun Bengal kuwa, wanda shi ne gidan kwalara na asali, babu shakka ruwa da yanayi suna da hannu a dawowarta kowace shekara.

Amma tarihin Afirka ya faɗi wani abu dabam. Annobar kwalara ta bakwai da ta game duniya, wadda muke ciki har yau, ta fara ne a tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta iso Gini a 1970, ta bazu a Afirka ta Yamma har ta kai mu. A 2017 François-Xavier Weill na Cibiyar Pasteur da ke Faransa, tare da masana da yawa na Afirka, suka buga sakamakon karanta cikakken kundin gadon ƙwayoyi fiye da 1,000, akasarinsu daga marasa lafiya na ƙasashen Afirka. Suka tarar cewa manyan annobar nahiyar duka zuri'a ɗaya ce, wadda aka shigo da ita daga Asiya aƙalla sau 11 tun 1970, kowace shigowa ta yi shekaru tana yawo tsakanin ƙasashe kafin ta shuɗe wata ta maye gurbinta. Da tabkuna ne ke ƙera ƙwayar annoba, da kowane yanki ya sami irin tasa dabam. Abin da ya faru a Haiti a 2010 ma haka ya nuna: ƙasa ce mai koguna da Vibrio a cikinsu, ba ta san kwalara ba tsawon zamani, sai da bahayar sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya da suka zo daga Nepal ta shiga ruwan kogin Artibonite, mutum fiye da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka rasu. Ra'ayina, bisa ga waɗannan hujjoji, shi ne idan aka sami ƙwaya mai ctxA a tabkin Damagaram, mafi rinjayen zato shi ne daga cikin mutum ta fito ta shiga ruwan. Tabkin yana karɓa, yana riƙewa na wani lokaci, yana rarraba wa duk wanda ya sha, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a ji tsoronsa.

Dubi yadda abin ke zuwa mana. A 2018 ta ɓarke a Madarumfa cikin jihar Maraɗi, mutum fiye da 3,000 suka kamu. A 2021, shekarar da Nijeriya ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, mu ma ta kama mana fiye da 5,000, kuma Damagaram na cikin jihohin da ta fi taɓawa. Tana bin hanyar da mutane ke bi, kasuwa zuwa kasuwa, biki zuwa biki, tsakanin Magariya da Matamai da Daura da Maigatari, inda dangi ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu kuma babu wanda za a ɗora wa laifi. Mafi yawan waɗanda suka haɗiyi ƙwayar ba sa jin komi ko kuma ɗan zawo kawai suke yi, amma suna zubar da ita a bahaya har kwana da yawa. Idan irin wannan mutum ya zagaya bayan gari, ko masai ya cika ya tumbatsa, ruwan sama na daren nan zai kwashe ya kai kududdufi da rijiyar da ba ta da baki. An kuma gano cewa ƙwayar da ta fito daga cikin mutum yanzu-yanzu ta fi saurin kama wani a cikin ƴan sa'o'in farko, shi ya sa mai jinya da masu wankan gawa da waɗanda ke cin kwano ɗaya suka fi shiga haɗari.

Garinmu yana zaune a kan dutse, kuma ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne a nan, tun zamanin da rijiyoyin Gogo da Machaya ke ɗauke da gari. Ranar da pampo ya ɗauke, uwar gida ba ta da zaɓi sai abin da ɗan garuwa ya kawo a jarka, kuma ba ta san inda aka ɗebo ba. Ko ruwan ya zo da tsabta, randa mai faɗin baki da moɗa guda da kowa ke tsomawa har wuyan hannu sun isa su ɓata shi. A lokacin annoba, da a ba ni kuɗin neman ctxA a tabki, gara a ba ni abin auna sinadarin kulorin a jarkunan ƴan garuwa da randunan gidaje, da gwajin da ke nuna ko bahaya ta shiga rijiya, domin su ne ke faɗa maka abin da za ka gyara a ranar. Binciken ƙwayoyin gado yana da amfaninsa babba, amma ya fi amfani a kan samfurin da aka ɗauka daga marar lafiya, inda zai nuna wace zuri'a ce ta shigo da kuma maganin da ya daina yi mata aiki.

Akwai wani abu da iyayenmu mata suka riga suka iya. A Bangaladash, binciken Colwell da aka buga a 2003 ya nuna cewa tace ruwan tabki da tsohon zane da aka ninka aƙalla sau huɗu ya rage kwalara da kusan rabi, saboda zanen yana tare ƙwarin ruwan da ƙwayar ke maƙale da su. Irin waɗannan ƙwari ne ke ɗauke da kurkunu, kuma mutanen ƙauyukan Mirya ba su manta da matacin da aka yaƙi kurkunu da shi ba, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Zanen ba ya tare ƙwayar da ke yawo ita kaɗai, don haka bayan tacewa sai a tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin ta Aquatabs daidai da yadda aka rubuta a takardar, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya yi laka sosai a bar shi ya kwanta tukuna, domin laka tana cinye ƙarfin kulorin.

Game da ɗalibanka, Malam, ka faɗa musu cewa wanka a kududdufin cikin gari bayan ruwan sama haɗiyar abin da ya gangaro daga masai ne, kuma idan aka ji kwalara a gari sai a ƙaurace masa ɗungurungum. Ka koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko kuma fakitin da ake bayarwa a likita idan akwai shi. Idan babba ya fara zawo fari kamar ruwa, a fara ba shi wannan tun a gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya, a kai shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kuma a gaya wa ma'aikatan lafiya daga ina gidan ke samun ruwan sha da inda marar lafiyar ya je a cikin kwana biyar da suka wuce.